Littafin hoton da ya rage mini tsawa a gida

Akwai wani lokaci, sa'ad da ɗana na biyu yake tsakanin shekara uku da huɗu, da na lura cewa mafi yawan maganar da nake yi masa daga wayewar gari zuwa kwanciyar barci hani ce. Bari, daina, sauko, ajiye, fito da yatsanka daga hanci, kada ka goge majina da hannun riga, wa ya ce ka tsoma hannu a kwano ba ka wanke ba. Wata rana bayan sallar isha'i na zauna ina tuna abin da ya shiga tsakanina da shi a yinin, sai na kasa tuno magana guda mai daɗi da na faɗa masa, in ban da lokacin da nake shafa masa mai bayan wanka. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ba mugun hali gare shi ba, ƙuruciya ce kawai take ɗibarsa, kuma duk tsawar da nake yi ba ta rage komai daga halayen da nake yin ta dominsu ba. Abin da ta koya masa shi ne ya riƙa leƙa fuskata kafin ya yi abin, idan ya ga hankalina yana wani wuri sai ya ci gaba da sha'aninsa.

Ana cikin haka ƙanena ya dawo daga tafiya ya kawo wa yaran tsarabar littattafai, a cikinsu har da wani mai manyan hotuna da kalmomi 'yan kaɗan, sunansa No, David!, wanda wani marubuci kuma mai zane ɗan Amurka, David Shannon, ya fitar a 1998. Tarihin littafin da kansa ya burge ni, domin mutumin ya fara yin sa ne yana ɗan shekara biyar, lokacin da kalmomin da ya iya rubutawa ba su wuce sunansa da kalmar hani ba, sai ya cika takardu da zanen kansa yana aikata duk abin da aka hana shi. Mahaifiyarsa ce ta adana takardun, bayan ya girma ta aika masa, shi kuma ya sake zana su. A shafi ɗaya yaron ya taka kujera yana miƙa hannu zuwa ga mazubin biskit da aka ɗora a sama, a wani ya shigo ɗaki dumu-dumu da taɓo, a wani ya cika baki da abinci ya wangale shi, a wani ya tura yatsa cikin hanci, har akwai inda ya fita da gudu tsirara ya miƙi hanya. A kowane shafi muryar uwarsa ce take hana shi, amma ba a nuna fuskarta sosai, domin daga tsayin yaro aka kalli duniyar.

Daren farko da na buɗe masa littafin muna zaune a kan tabarma a tsakar gida, an ɗauke wuta, yayarsa tana riƙe mana da fitila. Ban karanta Turancin ba, na mayar da sunan yaron Dauda, na riƙa faɗin maganar uwar da Hausa, da irin muryar da ni kaina nake yi masa faɗa. Tun a shafi na biyu ya fara ƙyalƙyala dariya, da muka kai wurin yatsa a hanci kuwa sai da ya kwanta a kan tabarmar yana riƙe ciki. Da ya tashi ya dube ni da gaske ya ce, "Umma, wannan yaron ba ya jin magana." Ya ɗaga ɗan yatsansa yana yi wa hoton gargaɗi, yatsan da bai fi rabin sa'a da fitowa daga hancinsa ba. Daga nan muka kai inda Dauda ya buga ƙwallo a cikin ɗaki ya fasa tukunyar furanni, aka sa shi zama a lungu, hawaye ɗaya yana gangarowa a kumatunsa. Dariyar ta tsaya cak. Ya matso ya jingina da ni, ya tambaye ni a hankali ko uwar ta daina son yaron ne. Na juya shafin ƙarshe, inda uwar ta kira shi ta rungume shi, sai na ji ya sauke numfashi, ya hau cinyata ya ce a sake daga farko. Sau huɗu muka karanta shi a wannan dare.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa takarda mai launi ta yi abin da bakina ya kasa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ana faɗin haka ne don a zargi mai hangen, amma a wurin ƙaramin yaro wannan hangen shi ne ƙofar gyara. Idan na ce masa ƙazami, abin da yake ji shi ne Umma tana fushi, sai hankalinsa ya koma kan yadda zai tsira daga fushin, halin da ake magana a kansa kuma ya ɓace masa gaba ɗaya. A littafi kuwa an ciro halin daga jikinsa an ɗora wa wani, an ƙara masa girma har ya zama abin dariya, shi kuma yana zaune lafiya a cinyar uwarsa, babu wanda yake hararar sa. A nan ne karo na farko ya ga yadda baki cike da abinci yake a idon mai kallo. Ya kuma samu damar zama shi ne babba, shi ne mai cewa a bari, kuma yaron da ya faɗi doka da bakinsa ya fi saurin riƙe ta a kan wanda aka jefa masa ita daga sama. Bayan kwana kaɗan na daina buƙatar dogon faɗa. Idan na ga hannunsa ya nufi hanci sai in ce, "Wa nake gani kamar Dauda?" Sai ya yi murmushi ya sauke hannun, ya tafi neman tsumman da na ware masa.

Ba zan ɓoye cewa akwai farashin da na biya ba. A littafin akwai shafin da yaron ya kifa tukunya a ka yana dukan kwano da cokali, kuma kwana biyu cur ɗana ya yi yana zagaya gida da murfin tukunya da ludayi yana cewa shi ne Dauda. A wannan makon ne surukata ta zo mana kwana biyu. Ta karɓi littafin ta juya shafukan a hankali, da ta kai wurin gudu tsirara ta rufe shi ta ce, "Yanzu wannan shi ne karatun da ake koya wa yara? Ai wanda bai san ɓarnar ba ma an nuna masa hanya." Ban yi mata musu ba, kuma ba don kunya kaɗai ba, maganarta tana da nauyi. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ba shi dariya, kuma littafin da aka miƙa masa aka tashi aka bar shi da shi zai iya zama darasin ƙiriniya. Abin da na fahimta daga baya shi ne irin wannan littafi ba a yi shi don yaro shi kaɗai ba, an yi shi ne don mutum biyu, babba da ƙarami, kuma rabin aikinsa yana cikin muryar mai karantawa da tambayoyin da yake yi a tsakanin shafi da shafi.

Washegari da safe kuwa sai ga yaron ya fito daga ɗaki da majina a hanci ya nufi wurin kakarsa zai gaishe ta. Ta ja baya ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, da wannan hancin za ka zo wurina? To ni dai na fasa auren, a nemo mini wani mai tsafta." Ya juya da gudu ya ɗauki buta, ya dawo fuska fes yana cewa, "Hajiya, duba, na wanke." Ta ce to yanzu ta ga angonta. Ban ce komai ba, amma a raina na ga cewa abin da ta yi cikin daƙiƙa kaɗan shi ne ainihin abin da littafin yake yi: ta kama halin, ta mayar da shi wasa, ta bar wa yaron hanyar dawowa da mutuncinsa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya daɗe yana yin wannan aiki a gidajenmu, yana faɗa wa yaro abin da idan uwa ta faɗa zai zama faɗa.

Da na bi abin a hankali sai na ga gyaran hali ta hanyar dariya ba baƙonmu ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi, ya kuma san yadda hankaki suka ara wa Gizo gashin fuka-fuki don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, shi kuma haɗama ta sa duk wanda suka nufa sai ya ce nasa ne, har suka gaji suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Babu mai tsayawa ya yi wa yara wa'azi a kan zari bayan an gama, dariyar da suka yi wa Gizo ta wadatar. Haka tashe yake, wanda yara suke farawa daga goma ga watan azumi. Akwai wasan da yaro yake cusa tsummoki a riga ya yi ƙaton ciki, ya zube a ƙasa yana kukan ya ci ya kasa tashi, sauran suna amsa masa da cewa zari gare shi, kuma wannan littafin hoto ne sak, sai dai da jiki aka zana shi a ƙofar gida. Ko santi ma haka ne. Idan daɗin abinci ya sa mutum ya saki maganar da ba ta da kai aka kwashe da dariya, an koya wa yaran da ke wurin cewa a kame baki a gaban kwano ba tare da an ce musu komai ba.

Sai dai a cikin gadon namu akwai wata dariyar da ba na so ta shigo gidana. Ina ƙarama na ga an tara yaran unguwa a kan wani yaro mai fitsarin kwance, an ɗora masa tabarmarsa a ka, ana bin sa ana kiran sa amalala ana tafi. Manya suna tsaye suna ganin gyara ake yi. Ni kuwa abin da na riƙe har yau shi ne yadda ya sunkuyar da kai, da yadda ya daina fitowa wasa na tsawon lokaci. Fitsarin kwance ba rashin ladabi ba ne, yaro ba ya yin sa da gangan, yawancin yara kuma suna dainawa da kansu idan jikinsu ya ƙosa, wanda ya daɗe bai daina ba likita yake buƙata. A tashe mai ƙaton ciki shi ya zaɓi ya sa tsummokin, idan an gama zai cire su ya raba kuɗi da abokansa. Wancan yaron ba shi da abin cirewa. Da wannan nake auna kowane littafi da ya shigo hannuna yanzu: ina duba ko halin ake yi wa dariya, ko kuwa yaron ne, ko in'inarsa, ko ƙibarsa, ko ƙabilarsa, ko wata nakasa da Allah ya halicce shi da ita. Ko tsamin bakin Gizo, wanda muka saba kwaikwaya, na rage shi tun da na lura akwai yaron maƙwabta da harshensa bai gama warwarewa ba kuma yakan zauna tare da mu.

Ɗaya hanyar da muka gada ita ce tsoratarwa, a ce Dodo zai zo ya kama mai kuka, ko a ce za a kira mai allura. Turawa ma sun bi ta nan, har suka buga ta a littafi. A ƙarshen 1844 wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, Heinrich Hoffmann, ya fita neman littafin da zai ba ɗansa ɗan shekara uku kyautar Kirsimeti, bai ga wanda ya gamshe shi ba, sai ya sayi littafin rubutu da babu komai a ciki ya tsara nasa labaran ya zana hotunansu. An buga shi a 1845, duniya ta san shi da sunan Struwwelpeter, wato yaron da ke tsaye gashi buzu-buzu, farce zaƙo-zaƙo saboda ya ƙi yarda a yanke. An tallata shi a matsayin labarai da hotuna na ban dariya don yara 'yan shekara uku zuwa shida, amma a cikinsa akwai yaron da yake tsotson yatsa, tela ya faɗo ɗaki da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsun biyu, akwai wanda ya ƙi shan miya ya yi ta ramewa har ya mutu a rana ta biyar, akwai kuma yarinyar da ta yi wasa da ashana ta ƙone ƙurmus. Littafin ya yaɗu, an fassara shi zuwa harsuna da yawa, kuma masu kare shi suna cewa hukuncin ya yi girman da yara suke gane wasa ne. Na duba hotunan a intanet, na kuma yanke shawarar ba zan nuna wa nawa ba. Ɗan shekara uku bai gama raba wasa da gaske ba, kuma yaron da ya daina tsotson yatsa don tsoron almakashi ya samu sabon abin da zai hana shi barci.

Abin da nake komawa gare shi a wannan batu shi ne hadisin Umar ɗan Abu Salama, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ya ce yana yaro a ƙarƙashin kulawar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa, "Ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, kuma ka ci daga abin da ke gabanka." Umar ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Babu zagi a ciki, babu barazana, ba a ma ambaci laifin ba, an dai faɗa masa abin da zai yi cikin gajerun jimloli uku da ƙaramin kai zai iya ɗauka. Littafin hoto mai kyau yana kusa da wannan ta fuskar taƙaitawa da sauƙi, kuma wanda ya tsaya a nuna ɓarna kawai bai nuna abin da ya kamata a yi ba, a wurina bai gama aikinsa ba.

Inda littattafan waje suka gaza mini shi ne ladabin da suke koyarwa ba duka ne namu ba. Suna nanata yadda ake riƙe cokali mai yatsu da wuƙa, suna koya wa yaro ya kalli babba ido cikin ido idan yana gaishe shi, alhali mu a wurinmu yaron da ya tsare babba da ido ana ganin rashin kunyarsa. Ba za ka ga sallama a bakin ƙofa ba, ko cire takalmi kafin a hau tabarma, ko durƙusawa a gaida manya, ko karɓar abu da hannun dama, ko yadda ake cin tuwo a kwano ɗaya ba tare da an kai wa naman da ke gaban wani hari ba. Ba za ka ga tsaki da ƙunƙuni da zumɓura baki idan an aiki yaro ba, waɗanda su ne suke cika mana gida. Na zaga shagunan littattafai na garinmu ina neman irin wannan da Hausa, abin da na fi samu shi ne littattafan koyon baƙi da na makaranta. Muna da manyan ayyuka, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa daga Zariya a 1937, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970, amma waɗannan na wanda ya iya karatu ne ko wanda zai iya zama ya saurari dogon labari. A shafin intanet na African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, na samu gajerun labarai masu hoto da Hausa kyauta, na kuma karanta wa yaran wasu a waya, sai dai waya ba ta da shafin da ƙaramin hannu zai kama ya juya da kansa, kuma da zarar saƙo ya shigo hankalinmu duka ya rabu.

Saboda haka a wani hutun makaranta muka yi namu. Na yanka kwalin taliya ya zama bango, na naɗe fararen takardu na ɗinke tsakiyarsu da zare da allura, suka ba mu shafi goma sha biyu. Babbar 'yata, wadda take da shekara tara a lokacin, ita ta yi zanen da fensir mai launi. Labarin wani ɗan Biri ne da ya je cin abinci gidan Kunkuru, ya dawo yana ba uwarsa labari. A kowane shafi maganar Biri tana ƙasa, gaskiyar abin da ya faru kuma tana cikin hoton. Yana cewa, "Inna, na yi sallama," alhali ga shi nan yana dirowa ta katanga, wutsiya a sama. Yana cewa, "Inna, na wanke hannu," ga hannuwan kaca-kaca da taɓo. Yana cewa ya ci gabansa, ga hannunsa ya miƙe ya tsallake kwanon gaba ɗaya ya damƙo naman da ke gaban Kunkuru, kuma 'yata ta ja hannun nan har ya ƙetara zuwa ɗaya shafin, wanda ni ban ma yi tunaninsa ba. Yana cewa ƙaramar loma ya yi, ga kumatu sun kumbura kamar an hura balan-balan. Bayan kowace magana mai sauraro ne yake amsawa da ƙarfi, "Ba ka yi ba!"

Wannan amshin shi ne ran littafin, kuma daga tashe na ɗauko tsarinsa. Yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba yana da aikin yi a kowane shafi, shi ne yake gano abin da hoton ya tona, shi ne yake kama Biri da ƙarya. Na lura kuma cewa wurin da aka ajiye abin dariyar yana da muhimmanci, domin idan maganar tana shafin dama, sakamakon yana bayan an juya, ɗan jiran nan na juyawa shi yake tara dariyar. Hausa kuma ta ba mu dukiyar da ba sai mun aro ba, kalmomi irin su tsamo-tsamo da face-face da wuƙi-wuƙi da tsuru-tsuru, waɗanda faɗinsu kaɗai yake sa yaro dariya kafin ya kalli hoton. Mun daɗe muna gardama da 'yata a kan hukuncin Biri. Ita tana so Kunkuru ya kore shi da sanda, ni kuma na ce a bar abin da ya yi ya hukunta shi daidai girman laifinsa. A ƙarshe naman da ya wawura da zafinsa ya ƙona masa harshe, ya zauna idanu sun yi ja, ya faɗa wa uwarsa gaskiya. Ita kuma ta zuba masa ruwa daga buta, ta kama hannunsa suka koma tare, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum." Shafin ƙarshe babu rubutu, mai sauraro ne yake amsa sallamar.

Ba kowane hali littafi ya taɓa ba. Autata ta yi tsotson yatsa har ta kusa shekara huɗu, na gwada mata labari na gwada zane, ta yi dariya ta mayar da yatsan baki, domin ita ba rashin sani ne yake sa ta ba, da shi take lallashin kanta idan barci ya zo, kuma da lokacinsa ya yi ta bari. Ɗan nawa ma bai zama wani yaro dabam ba, har yanzu akwai ranar da nake ɗaga murya. Amma wanke hannu kafin cin abinci da sallama a bakin ƙofa sun zauna masa, kuma ba da tsoro suka zauna ba. Littafin Biri ya zaga gidaje uku a layinmu, ya dawo da tabon manja a shafi na biyar, bangon ya tsage na sake ɗinke shi.

Kwanakin baya mahaifinsu ya dawo daga aiki a gajiye, yana magana a waya, ya turo ƙofa ya shigo har tsakar gida. Yaron yana zaune yana nuna wa ƙanwarsa hotunan Biri, sai ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, da muryar amshin nan, "Abba, ba ka yi ba!" Gabana ya faɗi, domin ba haka ake yi wa uba magana ba. Mahaifin nasu ya tsaya, ya dubi yaron, ya dubi littafin, ya ce wa wanda yake magana da shi ya ɗan jira. Ya juya ya fita, ya ja ƙofar, muka ji ya yi sallama daga waje, yaran suka haɗa baki suka amsa, sannan ya shigo ya shafa kan ɗan nasa. Da dare na zaunar da yaron na nuna masa yadda ake tuna wa babba abu a hankali, a matso kusa a rage murya, ya saurara amma na ga maganar ba ta zauna ba. Shi ya sa muka sake yanka wani kwalin. 'Yata ta riga ta zana shafin farko, Biri yana tsaye a tsakiyar dattawa baki a wangale ya katse musu zance, ni kuma ina nan ina neman amshin da zai dace da shi.